Mijin Bilki da Ramukan Kuza

Duk wanda ya zauna da mijin Bilki a unguwar Setapak, nan ƙasar waje, ya san ba ya shiga wuri sai ya buga ƙasa da dunduniya. Masallaci ne, shago ne, tashar jirgi ce, sai ya buga sau biyu, ya karkata kai, ya ce, "Nan akwai rami." Ranar da na sauka daga Jos don yi wa 'yata Bilki wankan jego, ko gaisawa ba mu gama ba ya buga tsakar falo. Na ce, "Bilki, gaya wa mijinki hawa na goma sha huɗu muke. Ramin da yake ji ɗakin maƙwabcinmu na ƙasa ne."

Ku 'yan Najeriya mazauna nan, Dakta kuke ce masa. Ni surukina ne, ba na kama sunansa, ba na yi masa faɗa ido da ido. Sai dai in yi wa Bilki da ƙarfi daga kicin, shi ma ya amsa ta wajenta.

Kakansa ɗan haƙar kuza ne a Bukuru. Da ya zo karatun duwatsu ya ji wai ƙasar nan ma da kuza ta tashi, shi ke nan! Kowace Asabar shi da wani tsohon Basine abokinsa sai daji, neman ramukan da aka daina haƙa tun kafin a haife shi. Ba sisi a ciki, sai kashin jemage. Ni kuwa ina yarinya na ga rami ya rufta da maza uku, har yau suna ciki, ba wanka ba sallah. Abin da nake tsoro ke nan, a bar min 'ya da jaririya a ƙasar mutane, ko kabarin da za ta nuna babu.

Ga maƙo! Wata Asabar na fito da wanki, igiyar shanya ta ɓace. Da yamma sai ga ta duk jar laka.

"Bilki, wane mai hankali ne ke rataya ransa a igiyar shanya?"

"Bilki, gaya wa Mama igiyar da ta ɗauki bargonta jiƙaƙƙe, ni ba komai ba ne."

Sai na ɓoye takalman robarsa a buhun shinkafa. Ya duba ko'ina, ya tafi da silifas. Ya dawo matsattsaku sun manne masa har gwiwa. Ni na miƙa gishiri ta bayan labule. Yana zubawa yana cewa, "Bilki, a ce wa shinkafa na yafe mata."

To, yana da ƙa'ida ɗaya. Kafin ya fita sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce wa bango, "Mutanen gida su sani, in aka yi la'asar ban bugo waya ba, a nemi taimako." Mutanen gida ni ce, Bilki na makaranta. Wata rana aka yi la'asar, shiru. Na ƙara jan carbi ɗaya, shiru. Wayyo! Na goya jaririya, na bi ɗakunan 'yan Najeriya hawa hawa ina dukan ƙofofi. Wasunku da gajeren wando kuka fito, ba sai na faɗi suna ba. Aka cika mota biyu, har da mai ɗauko tabarya. Mun zo kwanar titi sai wani ya ce, "Mama, wancan ba Dakta ba ne?"

Yana zaune a mamak, shagon abincin Indiyawan nan, laka har gira, yana tsoma roti, irin gurasarsu, a miya. Ashe wayarsa ce ta faɗa ruwa. Ya ga taro, ya miƙe ya cire hula. Ba Bilki a kusa, sai na juya wajen mai shagon na zazzage masa faɗan tas da Hausa. Bawan Allah yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Boleh, boleh," wato "to, to" da yaren ƙasar. Daga ranar mijin Bilki ya haddace lambar gida, yana aron wayar Basinen.

Ashe ba rami ne zai ɗauke shi ba. Zazzaɓin sauro ne, kwana shida. A asibiti ya ce, "Bilki, roƙar min Mama gafara, na wahalar da ita." Na matsa bakin gadon na ce, "Ga ni nan, ɗana, ba sai an aika ba. Ban taɓa riƙe ka ba."

An yi masa wanka, an yi masa sutura, kun cika sahu kun sallace shi, Bilki ta san inda yake kwance. Wannan na roƙa, kuma an ba ni. Allah Ka yalwata masa makwanci, Ka sa masa haske, Ka raya abin da ya bari. Amin.