Madubin kan wata da shaidar Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Mushe Sahabi, malamin lakwal, wato makarantar boko, a garinmu Allakaye. Mushe laƙabi ne daga Faransanci da muke kiran malaman boko da shi. Ɗalibansa na tuna shi da kyan rubutun allo da tsananin horo. Ni kuwa duk sanda azumi ya zo ƙarshe, abin da ke dawo mini shi ne yammacin da aka tsayar da shi tsakanin karatunsa da mahaifinmu.

Mahaifinmu, Malam Jibo, shi ne mai duban wata a garinmu. Ba sarauta ba ce, ido ne Allah Ya ba shi. In azumi ya kai ashirin da tara sai ya hau dutsen da ke yamma da gari. In ya sauko ya ce ya gani, mai gari ya tashi mutum zuwa Buza a sanar da hukuma. Tun muna yara ba a taɓa mayar masa da magana ba.

Yaya kuma da nasa ciwon watan. Yana koya wa 'yan ajinsa cewa Amerikawan da suka taka wata sun baro kayan awo a can: na'ura mai sauraren girgizar ƙasa, da wani madubi da masana ke harba wa haske daga duniya, hasken ya dawo, su gane nisan da ke tsakani. A gida tsiya nake masa, in ce to wace ce ke shafa kwalli a can da har aka kai mata madubi? Ya yi dariya ya ce kaina ya fi dutsen Baba tauri.

A shekarar da nake magana, azumi ya faɗo cikin damina, akwai ɗan gajimare. Baba ya sauko ya ce ya ga jinjirin wata. Shi kaɗai ya gani. Bayan magariba maza suka taru ƙofar mai gari, ni kuma na kawo wa Baba kunun buɗa-baki, na tsaya bayan danga da goyona. Sai Alhaji Ilu, wani ɗan kasuwa da ɗansa ke ajin Yaya, ya yi gyaran murya. Ba mugun mutum ba ne, tsoron ɓata azumi yake.

Ya ce, "Ɗana ya ce Mushe ya koya musu Nasara sun aje madubi bisa wata. In haka ne, mi ya hana ƙyallin madubin ne Malam Jibo ya gani?"

Mai gari ya sa aka kira Yaya, ya ce, "Mushe, magana guda nika so. Akwai madubin ga ko babu?"

Kowa ya san abin da ke ciki. In ya ce babu, labarin yara ne, yanzu mutum zai kama hanyar Buza, gobe Salla. In ya ce akwai, shaidar Baba ta mutu. Baba na zaune kan buzunsa, carbi a hannu, bai ɗaga kai ba. Ni dai wallahi addu'a nake Yaya ya yi ƙarya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, akwai shi. Amma bai kai akwatin tufafi girma ba, kuma in wata na jinjiri wurin da yake duhu ne. Ido ba ya ganinsa. In Baba ya ce ya ga wata, to wata ya gani."

Ba wanda ya ji abin da ya biyo bayan "akwai shi". Surutu ya tashi, mai gari ya ce a cika talatin. Baba ya naɗe buzunsa ya wuce ta gabana, ko kunun bai kalla ba. Washegari da yamma wata ya fito, wasu suka ce ɗan kwana biyu ne, wasu suka ce a'a. Har yau ba a raba gardamar ba.

Daga ranar Baba bai sake hawa dutsen ba. Bai kuma sake tsayawa shaida kan komai ba, ko ɗaurin aure, ko iyakar gona. In an zo nemansa sai ya ce mai ganin madubi ba ya shaida. Yaya na zuwa kowace safiya ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya ce "lahiya lau", shi ke nan. Haka aka yi shekaru. Na taɓa tare Yaya da faɗa, na ce da ya ce babu, me zai ci shi? Ya dube ni ya ce, "Hassu, gobe in shiga aji in ce musu mi?" Na yi wata guda ban taka gidansa ba.

Yanzu ina Madawa, jikokina na nuna mini abubuwa a waya. Wannan ya ce ba wanda ya taɓa zuwa wata, wasan kwaikwayo ne. Wancan ya nuna mini cewa na'urar sauraren an daɗe da kashe ta, amma madubin har yau ana harba masa haske yana mayarwa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai yi da wannan zamani, da kowa ke zaɓen gaskiyar da ta yi masa daɗi. Na san zai ja yaron farko gefe ya zaunar da shi, ko da maganar yaron ce za ta wanke Baba. Labarin ganin wata ma yanzu a waya yake iso mana, kafin wani ya nemi takalminsa ya nufi dutse. Abin na yi mini ciwo, don Baba da Yaya duka an wuce su.

Yaya ya riga Baba tafiya. An yi masa salla a ƙofar gida, mu mata muna ciki muna jiyowa ta bayan zana. Da liman ya nemi a faɗi shaidar da aka yi wa mamaci, sai na ji muryar Baba, wadda tsufa ya riga ya cinye.

"Ni zan shaida. Wanga yaro bai san ƙarya ba. An ba shi dama ya yi ta domina, ya ƙi."

Littattafan Yaya gara ta ci, ajin da ya koyar an rushe an gina wani. Abin da ya rage mini nasa shi ne wannan shaida, kuma ba ta sanyaya mini zuciya ba. Ita yake durƙusawa kowace safiya yana jira, aka faɗe ta yana kwance cikin likkafani.