Haƙarƙarin Jirgin Arul

Daeng Bau ba ta taɓa son wasan kwamfuta ba, har yau ma ba ta ce tana so ba. Mai haɗa magunguna ce a garin Bulukumba. A Makassar ta yi jami'a, ta dawo gida ta buɗe kanti kusa da kasuwa. An san ta da ƙarancin magana da karanta takardar likita sau biyu kafin ta taɓa kwalba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ta reni ɗansu tilo, Syahrul, wanda kowa ke kira Arul, rabi a bayan kanti, rabi a bakin teku a Tana Beru, inda mahaifinta Puang Rala ya tsufa yana sassaƙa jiragen ruwa na katako.

Arul ya girma, ya sami aiki a Makassar. Bara zazzaɓin dengi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Abokinsa Fikar, mai shagon shan kofi a can, shi ya kawo mata kayansa, har da kwamfutarsa. Shi ya nuna mata wasan. Dubban mutane ke shiga ta intanet, kowa ya gina jirginsa a sararin samaniya da guntayen da kamfanin wasan ya tanada. Na mutane duk ƙarfe ne da bindigogi. Na Arul irin na kakansa ne, dogon baki, faffaɗan ciki, yana shawagi kusa da wata jar duniya. Ba rufi, ba ɗaki, cikinsa fayau.

Tun daga nan, duk Juma'a bayan la'asar takan rufe kanti, ta shiga da sunan Arul, ta tsaya a tsakiyar jirgin. Ba ta taɓa matsar da komai ba. Ko guntun katakon da ya bari a gefe yana nan yadda ya ajiye shi.

Ana nan sai kamfanin ya fitar da sanarwa. Sun ce tarkacen da mutane suka fara suka watsar ya yi wa na'urorinsu nauyi, za su yi shara. Duk ginin da na'ura ta ɗauka tarkace ne za a goge shi, ba dawowa. Da ta shiga ranar Juma'a, ta tarar da jan tambari yana lilo a saman jirgin.

Ta rubuta wa kamfanin. Amsa ta zo nan take, ana gode mata da ƙaunar wasan. Ta sake rubutawa, amsar ta dawo kalma da kalma. Ta kira Fikar.

"Tanta, ba ke kaɗai ba ce," in ji shi, don haka yake kiranta, wato Goggo. "Dandalin 'yan wasa ya kama da wuta, kowa zagi yake. Amma sun ce ana gobe shara wata ma'aikaciyarsu za ta fito kai tsaye ta amsa tambayoyi. Zan zo."

Ranar ya iso a motar haya, ido ja, da ledar soyayyar ayaba. Puang Rala ma yana kantin, ya zo karɓar maganin gwiwarsa. Tsohon bai taɓa yarda ya kalli jirgin ba. Yakan ce shi bai san jirgin da ba ya jiƙewa ba.

"Wannan ne mai sayar da ruwan zafi?" ya tambaya yana duban Fikar.

"Kofi, Puang."

"Na sha naka ranar sadakar Arul. Ruwan zafi ne."

Fikar ya yi dariya ya buɗe kwamfuta. Daeng Bau ba ta yi ba. Ta sa tabarau tana sake karanta sanarwar, yatsa a ƙarƙashin kowane layi. Sai yatsan ya tsaya.

"Fikar, nan sun ce ginin da aka ɗora wa bango kafin a kafa masa haƙarƙari. Mene ne na cewa kafin?"

"Ai haka ake gini, Tanta. Ka kafa ƙashi, sannan ka lulluɓe. Idan na'ura ta ga bango ya riga ƙashi, sai ta ce shirme ne."

"Kowa haka yake yi?"

"Kowa da kowa."

"Ba kowa ba," ta ce.

A Tana Beru, in an shimfiɗa ƙashin baya, wato dogon katakon gindi, jikin jirgi ake fara haɗawa, katako kan katako da turakun itace, har ya tashi ya yi siffa. Sai daga baya a sassaƙa haƙarƙari a jera a ciki. Tana yarinya ta sha ɓuya a cikin irin wannan fankon jirgi. Arul ma haka. Ya yi gini yadda ya buɗe ido ya ga ana yi, ajali ya riske shi bai kai ga haƙarƙari ba.

Lokaci ya yi. Wata mata ta bayyana a allo, ta ce sunanta Marta, fuskarta duk gajiya. A gefenta rubutun 'yan wasa na gudu kamar ruwan famfo, yawanci ashar. Tambayar da ta fi samun ƙuri'a ita take ɗauka.

Daeng Bau ta rubuta tata da Turanci, layi uku, ba ko kalmar roƙo. Ta haɗa da hoton wani jirgin mahaifinta a bakin teku, jiki ya tashi, ciki ba komai. Tana turawa, rubutun wasu ya binne ta.

"Bari in zage su, Tanta, shi ne suke gani."

"Sauke hannunka. Kira abokan Arul."

Fikar ya hau waya. "Kai, Gendut, ajiye cokalin nan ka shiga ka danna! Tambayar maman Arul ce. Ka taso sauran 'yan iskan." Ƙuri'u suka fara hawa a hankali. Marta ta amsa wani kan farashin makamai. Ta amsa wani da ke barazanar barin wasan. Ta sha ruwa, ta dubi gefe, ta ce saura tambaya ɗaya.

Wani mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofar kanti. Ba wanda ya motsa.

Marta ta fara karantawa da sauri, sai ta rage. Ta buɗe hoton, ta matso da fuska. Ta ce a ba ta minti, ta kashe sauti, ta juya tana magana da wani da ba a gani. Bakinta kawai ke motsi. Daeng Bau ta ɗora tafin hannu a kan tebur.

"Me Baturiyar ke cewa?" in ji Puang Rala.

"Ba ta ce komai ba tukuna, Tetta," in ji Daeng Bau, wato Baba da yarensu.

Sauti ya dawo. Marta ta ce ba su san ana gina jirgi haka ba, kuma tana yi wa mahaifiyar ta'aziyya. Ta ce ba za a ɗaga ranar shara ba, ba kuma za a iya keɓe gini ɗaya a tsallake shi ba. Abin da za su iya shi ne su gyara ƙa'idar: na'ura za ta duba ko akwai haƙarƙari, ba za ta ƙara tambayar wanne ya riga wanne ba. Duk wanda ya sa nasa kafin gobe ya tsira.

Fikar ya yi tsalle har ya zubar da ayaba. "Mun ci, Tanta! Mun ci!"

Daeng Bau ta koma kan wasan. Tana kallon cikin jirgin, wurin da take tsayawa. Tun da aka kawo kwamfutar nan take tsaron wannan fili kada wani abu ya sauya daga yadda hannun Arul ya bar shi. Yanzu ko ta cika shi da hannunta, ko gobe ta tarar da duhu da taurari kawai.

Fikar ya lura. Ya sassauta murya. "In ba za ki iya ba, ni sai in sa. Yanzu zan gama."

"Kai?" in ji tsohon. "Ka taɓa riƙe gizago?"

Ya jawo kujera da ƙyar, ya zauna dab da allo. Karo na farko ke nan da ya kalli jirgin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a juya masa shi, aka juya. Ya bi lanƙwasar bakin da ɗan yatsa, bai taɓa gilashin ba.

"Ya ɗaga baki da yawa," ya ce. "Kullum ina gaya masa." Ya share fuska da gefen zanensa. "Bau, ba a barin jirgi haka. Ko a kan yashi ne, iska za ta buɗe shi. Ai kin sani."

"Na sani, Tetta."

Ta kama linzamin kwamfuta. Fikar ya nuna mata inda guntayen suke. Ta ɗauki katakon da Arul ya bari a gefe, shi ta fara kaiwa tsakiya.

"Ya karkace. Hagu. Hagu na ce! Ke da kike auna ƙwaya, ba ki iya ganin wannan?"

Ta gyara. Haka suka yi ta yi, tsoho na faɗa, Fikar na miƙo guntaye, ita tana jerawa. Suka tashi suka yi magariba, suka dawo. Da ta sa na ƙarshe kusa da baki, jan tambarin ya ƙyafta ya ɓace.

Washegari aka yi shara. Jirgin ya tsira.

Daeng Bau tana nan a kantinta, tana karanta takardar likita sau biyu. Ranar Juma'a bayan la'asar tana shiga wasan kamar da. Wurin da take tsayawa yanzu haƙarƙari ya ratsa shi, sai ta ɗan matsa gaba. Wani lokaci Puang Rala yakan zo da sunan karɓar magani, ya zauna a bayanta, ya ce jirgin na bukatar rufi. Har yanzu ba ta sa rufin ba.