Mai Sanda a Goshi

Shigata ɗakin motsa jiki na asibitin ke nan na taka wata ƙwallo, sai ga ni warwas, hula can, takalmi can. Yayana na kawo, mai shanyewar ɓarin jiki, amma ni aka fara ɗagawa.

Kowa ya yi min sannu, ban da wani ƙato a keken guragu. Wuyansa kamar na ɗan dako, hannayen kuwa sun nannaɗe a cinya kamar tsumma. An ɗaura masa wata gajeriyar sanda a goshi, tana tsaye kamar ƙaho. A gabansa an jingina rabin bututun ruwa. Ma'aikaciya tana ɗora ƙwallo a bakin bututun, shi kuma yana tunkuɗa ta da sandar ta gangara, ana so ta taɓa wata farar ƙwallo can gaba. Ina jin a da direban babbar mota ne, irin masu zagin kowa ta taga. Yau ko yawu sai an share masa.

Yana aunawa, gumi na ɗiga, ya tunkuɗa. Ƙwallon ta tsaya saura ƙiris. Na faki idon ma'aikaciyar, na ɗan shure ta ta taɓa farar, na hau tafi.

"Maigida, ka ci! Wannan ƙaho naka ya fi na rago!"

Ko murmushi bai yi ba.

"Malam, mayar min da ita inda ta tsaya. Can ni na kai ta. Ƙafar da ta kasa riƙe mai ita, ita ce za ta ba ni sadaka?"