Ni ce ke tuƙi daga bayan zana

Maigidana ya dawo daga aikin soja a ƙasar waje da hannun dama babu babban yatsa, da kuma wata motar wasa a cikin jakarsa. Ba irin ta yara da ake zubawa a kasuwar Zuru ba ce. Ja ce, mai tayoyin roba masu kauri, in ta zabura ko kare ba ya cim mata. Wani Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa ita da rimot biyu tsofaffin yayi, baƙaƙe, masu nauyi kamar rediyo. Kowanne da doguwar eriya da ake zarowa, da 'yan sanduna biyu a gaba, ta hagu ta ba da wuta, ta dama ta juya kan mota. Da manyan yatsu biyu ake tuƙi. Shi kuwa ɗaya ya rage masa.

Ya gwada, ya sake gwadawa, motar ba ta da aiki sai dukan gindin rumbu. Ran nan ina jiran ruwan tuwo ya tafasa na ɗauki rimot ɗin don ɗebe kewa. Kafin sati ya zagayo ina kewaya turmi da ita, ina ratsa ƙarƙashin benci ban taɓa ƙafarsa ba.

Matsalar, ya riga ya cika baki a gaban abokansa tsofaffin sojoji cewa shi gwani ne. A bayan kowane rimot akwai wani ɗan ƙarfe kamar haƙori da ake cusawa, shi ke haɗa shi da mota, kuma namu biyun iri ɗaya ne, motar ba ta san wanda ke ba ta umarni ba. Nan dabara ta zo masa.

Ya ce, "Uwar yara, ki rufa mini asiri. Ni in tsaya a fili da wanda babu batir, ke ki tuƙa daga cikin gida. Ba na son su tausaya mini saboda hannun nan."

Na ce, "In an tafa, wa aka tafa wa?"

"Mu biyu mana. Ni da ke akwai bambanci ne?"

Na yarda. Duk Lahadi bayan an taso daga coci sai su taru a filin da ke bayan gidanmu, su jera gwangwanaye. Ni ina tsaye bayan zana, ido a wata 'yar kafa da na huda, eriya ta leƙo tsakanin karan dawa, ba mai lura. Shi yana can yana karkata jiki yana cije leɓe. Ina jin su suna ihu, "Saje! Da yatsa ɗaya! Kai, soja soja ne!" Har daga Ribah mutane suka riƙa zuwa kallo. In sun watse ya shigo yana dariya, ya ce, "Direbata, yau kin kashe su." Shekara biyar muna haka, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsu.

Sai ƙanensa ya aiko masa da sabon rimot daga Legas. Wannan kamar ƙaramar bindiga yake, da kunama da ake ja da manuniya, da ɗan sitiyari a gefe, eriyarsa ba ta fi yatsa ba. Babu ɗan haƙorin nan. In an haɗa shi da mota shi kaɗai take ji. Kuma ba ya bukatar babban yatsa. Na yi masa murna, Allah ya sani.

Na je biki Wasagu, kwana huɗu. Da na dawo na tarar an canza wa motar kayan ciki, tsofaffin rimot biyun babu su a kan kabad.

"Baban yara, ina nawa?"

"Naki? Tarkacen nan? Na ba mai gyaran rediyo na Mahuta, ya ce zai ciri wayoyi."

"Duka biyun?"

"To me za ki yi da su? Ki huta mana, kin sha tsayuwa."

Ranar Lahadi ban tsaya bayan zana ba, na fito fili. Yana tuƙi da kansa, ba laifi, amma ya ture gwangwani uku. Wani tsohon kofur ya ce, "Saje, yau hannun ya yi sanyi." Sai na ji bakina ya buɗe.

"Ba sanyi ya yi ba. Baban yara, faɗa musu wa ke tuƙa motar nan shekara biyar."

Na zuba masa ido. Kalma ɗaya nake jira, wallahi da ya ce "ita ce" da na koma ciki na dafa masa kaza.

Ya yi murmushi ya ce, "Madam ce mai saka batir. Ba ƙaramin aiki ba ne." Sannan ya miƙo mini sabon rimot ɗin. "Ga shi, nuna musu."

Ya san ban taɓa riƙe shi ba. Ya san yatsuna sun saba da sanduna ne. Ni ma na sani, amma zuciya ta hana ni ja da baya. Na ja kunamar har ƙarshe, motar ta yi tsalle, manyan yatsuna suna laluben abin da babu, ta miƙe ta faɗa kwatar ruwan wanka ta kife, tayoyi na juyawa a sama.

Dariyar sojojin ba ta dame ni ba, ba su san komai ba. Kofur ɗin har ya ce, "Madam, bar wa maza, je ki duba tukunya." Dariyar maigidana ce na tsaya ina saurare, don ta fi ta kowa ƙarfi.

Washegari na hau ɗan acaɓa zuwa Mahuta. Na sami mai gyaran rediyon, ya nuna mini ƙoƙon rimot ɗaya a ƙarƙashin tebur, ya zuba ƙusoshi a ciki. Ɗayan ya ce bai san inda ya shiga ba.

Mun ƙara shekara tara tare kafin ya rasu. Na yi jinyarsa, na yi masa duk abin da ake yi wa miji. Sau biyu na ce masa ya kira ko mutum ɗaya cikin abokan nan ya faɗa masa gaskiya. Na farko ya ce wasa ne, abin bai kai haka ba. Na biyu ya juya fuska bango.