Haruffan Mai Walda

Mai walda ya bar makaranta a aji huɗu, bayan bulala ta gaji da shi, shi ma ya gaji da ita. Daƙiƙi aka ce masa, ya karɓi sunan bai yi musu ba. Ya girma cikin tartsatsin wuta yana ƙera ƙofofi da tagogi, aunawa da ido, riƙewa a ka. In aka miƙo masa takarda, sai ya ce hannunsa da maiƙo.

Sai ga autarsa ta biyo sahu. Bakinta kamar rediyo, amma in aka buɗe mata littafi sai ta yi tsit. Aka gwada tabarau, aka gwada tsawa, duk a banza. Yayarsa ta yanke hukunci: "A cire ta ta koyi ɗinki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Maganar ta soke shi. Abin da ya fi tsoro ke nan, a rufe wa yarinyar ƙofar da aka rufe masa.

Wata sabuwar malama ce ta kira shi makaranta. Ta ce ba lalaci ba ne, ba kuma ciwon ido ba. Wasu yaran haka aka halicce su, haɗa harafi da sautinsa ke ba su wuya, kuma abin kan bi jini. A bi ta sannu-sannu, ta ji sauti, ta taɓa harafin da hannu.

Taɓawar kawai ya riƙe. Ya sa malama ta zana masa haruffan, ya koma shago ya lanƙwasa su da rodin gini, kowanne ya kai gwiwa. A baro ya turo su. Malama ta yi dariya har da hawaye, don ko ita da ƙyar ta ɗaga guda. Aka jingina su a bangon aji, auta na bin su da yatsa tana faɗin sautinsu.

Ba a cire ta ba. Har yanzu tana karatu da tuntuɓe, amma tana yi. Ranar da ta karanta layi guda har ƙarshe ita kaɗai, uban na tsaye bakin taga. Ya jira yara suka watse, ya matso.

"Malama, wai in mutum ya haura arba'in, shi ke nan ya makara?"

"Wa kake tambayar wa?"

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Wani abokina ne," in ji shi. "Tare muka yi aji."