Layin Diyyar da Na Goge Daga Kasafin Bincike

A wancan lokacin ni malami ne a wata jami'a a nan Abuja, na ɗan haura shekara arba'in, kuma ina kallon kaina a matsayin mutum mai tsantseni wanda bai taɓa cin kwabon wani ba. Damuwata ɗaya ce: na daɗe ina neman tallafin bincike ban samu ba, alhali waɗanda na riga shiga aiki suna ta wuce ni.

Ina cikin tsara kasafin wani gwaji kan sabon irin doya, sai wani abokin aikina ya leƙa, ya kwashe da dariya. Ya ce kasafin nan nawa ya yi tumbi, in ban rage masa ba masu ba da tallafi ko kallonsa ba za su yi ba. Na bi shi layi-layi. Na bar kuɗin kwamfuta, na bar na man mota, na bar na taron da zan je gabatar da sakamako. Abin da na goge shi ne diyyar manomi idan gwajin ya lalace, domin ban kawo wa raina zai lalace ba. Aka ba ni tallafin.

Wani dattijo a wani ƙauye kusa da Kwali ya ba mu, ni da abokan bincikena, gonarsa dukkanta don gwajin, yana cewa tunda oga ya yi karatu mai zurfi, shi wane ne da zai yi gardama. Damina ta yi nisa, cuta ta kama sabon irin, doyar ta ruɓe a ƙasa. Na roƙi masu tallafin su bar ni in juya kuɗin taro zuwa diyya. Suka amsa cewa abin da babu shi a kasafi ba a kashe masa ko sisi.

Na sayi buhunan masara da albashina na kai masa, ina zaton asarar shekara guda ce kawai. Na ba shi haƙuri, na ce baɗi sai ya koma wa doyarsa ta da. Ya dube ni, ya tambaye ni wace doyar. Ashe irin da yake shukawa gadon mahaifinsa ne, kowace shekara daga girbi ake ware na baɗi, kuma duk ƙauyen shi kaɗai ya rage da shi. Da muka karɓe gonar bai samu inda zai binne shi ba. Iyalinsa suka ci wani, saura ya lalace a rumfa. Bai ɗaga murya ba, har ruwa ya sa aka kawo mini. Na riƙe kofin na kasa kai shi baki.

Yau ina da shekara hamsin, kuma har yanzu ina tambayar kaina yadda na ga kwamfuta dole ce, amma ban ga mutum ba. Ya ku masu tsara kasafin bincike, kafin ku goge layi, ku tambayi kanku wa zai biya idan lissafinku ya ƙi. Ni dai na samu ƙarin girma. Irin doyar dattijon nan kuwa babu kasuwar da ban je nemansa ba, ban same shi ba.