Zakaran da Inna ta hana a yanka

Inna na tsaye bakin hanyar Dogarawa har motar Konni ta gama sauke mutane. Yayana Bulus ba ya ciki. Tun da ya tafi cin rani ba labari, salula kuwa ba ta iso mana ba lokacin. Kowace Kirsimeti sai ta hana a yanka zakaran da take kiwo dominsa.

Na ce, "Inna, fasto ya ce makonnin nan kafin Kirsimeti na jira ne da sa zuciya, kamar yadda Maryamu ta jira haihuwar ɗanta."

Ta ce, "Ɗiyata, Maryamu ta san watan haihuwarta. Ni ba a ba ni wata ba."

Tsufa ya kashe zakaran. Ta yi addu'a, ta sayo wani.

Ku da kuka san jira, me za ku ce mata?